Ko Kun Sani? Fararen Gaurakin Texas

A shekarar 1941, fararen gaurakin da ke zuwa cin rani gaɓar tekun Texas a Amurka ba su kai 20 ba. Yau sun haura 500. Duk shekara sukan taso daga Kanada, tafiyar kusan kilomita 4,000, su sauka fadamun Aransas, suna taka ruwa da dogayen ƙafafu suna tsintar ƙaguwa.

Cikin abubuwan da ke kare musu masauki har da yarjejeniyar da masu filaye ke sa wa hannu. Filin yana hannun mai shi, ya sayar ko 'ya'yansa su gada, amma ba a cike fadamar a yi gini, har abada. Sharaɗin filin yake bi, ko hannun wa ya koma.