Yadda iska ke tsara tseren keke

Wanda ya kalli gasar Tour de France zai ga mahaya fiye da ɗari sun cure wuri guda, taya na kusan shafar taya. Iska ce ta haɗa su. Na gaba shi ke karɓar ta da ƙirji, wanda ya lafe a bayansa kuwa yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe.

Shi ya sa kowace ƙungiya ke zuwa da mutum takwas, amma galibi ɗaya ake yi wa hidima. Sauran su tare masa iska, su koma motar ƙungiya su cusa gorunan ruwa cikin riga su kawo masa. In kekensa ya lalace, wani ya miƙa nasa ya tsaya bakin titi yana jira. Aiki ne na wahala, kuma ba kasafai ake ambaton mai yin sa ba.

Idan iskar ta bugo daga gefe, sai jeri ya karkace har ya cika faɗin titi, wanda bai samu gurbi ba ya shiga uku. Haka aka yi a zango na 13 a 2013, kan hanyar Saint-Amand-Montrond: ƙungiyar Alberto Contador ta taka da ƙarfi, taron ya tsage, Chris Froome mai rigar rawaya ta jagoran gasar ya yi asarar fiye da minti ɗaya. Mark Cavendish, da ya yi wuf ya shiga rukunin gaba, shi ya cinye zangon.