Jawabin Farko a Taron Ƙetare: Shirin da Ke Gaban Mai Ƙasida Kafin Ya Tashi

LEGAS — Kowace shekara akan gayyaci 'yan kasuwa da ma'aikatan banki da malaman jami'a da jami'an gwamnati na Nijeriya, a karo na farko, domin su gabatar da ƙasida ko su zauna cikin masu tattaunawa a wani taron tattalin arziki a ƙasar waje. Lokacin da akan bai wa mai magana bai cika wuce minti 15 zuwa 20 ba, amma shirin da zai kai shi gaban jama'a yakan ci wata uku zuwa shida. Abubuwa uku ne suka fi ɓata irin wannan dama: jinkirin takardun tafiya, da kuskuren lissafin kuɗi, da alƙaluman da mai su ba zai iya kare su ba idan aka yi masa tambaya.

Tarurrukan da ake magana a kansu suna da yawa. Akwai Taron Tattalin Arzikin Afirka, wanda Bankin Raya Afirka ya fara a shekarar 2006, yake kuma shirya shi tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai Baje Kolin Cinikayya Tsakanin Ƙasashen Afirka na bankin Afreximbank, wanda aka yi a Alƙahira a 2018, da Durban a 2021, da Alƙahira kuma a 2023, da babban birnin Aljeriya a 2025. Akwai kuma taron shekara-shekara na Cibiyar Nazarin Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Jami'ar Oxford a Ingila, wanda akan yi cikin watan Maris. A irin waɗannan wurare ne akan haɗu da masu saye da masu zuba jari da masu ba da tallafin bincike, saboda haka wanda ya isa a makare, ko ya yi jawabin da ba a fahimta ba, ya yi asarar abin da ya fi kuɗin jirginsa.

Takardar gayyata

Shiri duka yana farawa ne daga takardar gayyata, domin ita ce za a nuna wa ofishin jakadanci da banki da wurin aiki. Wajibi ne sunan da ke cikinta ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi, ta kuma faɗi ranakun taron da wurinsa, da matsayin wanda aka gayyata, da abin da masu taron suka ɗauki nauyinsa. Wasu sukan biya kuɗin jirgi da masauki kai tsaye. Wasu sukan ce mutum ya biya, su mayar masa bayan taro, wanda hakan na iya ɗaukar makonni. Wasu kuma kuɗin rajista kaɗai suke yafewa. Tambayar wannan tun a wasiƙar farko ba abin kunya ba ce.

Kazalika, ya kamata a tantance taron kansa. Akwai tarurrukan bogi da ke aika gayyata ta imel ga duk wanda suka sami sunansa, su karɓi ƙasida cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da an duba ta ba, sannan su nemi kuɗin rajista mai tsoka. Taron gaske yana da jami'a ko banki ko ƙungiyar da aka sani a bayansa, ana kuma iya ganin jadawalin shekarun baya da sunayen waɗanda suka yi magana a ciki.

Fasfo da biza da katin rigakafi

Ƙasashe da dama suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ƙasashen Turai masu amfani da bizar bai ɗaya ta Shengen suna buƙatar ya wuce ranar fita da wata uku, ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka gabata, yana kuma da shafi biyu babu rubutu. Daga watan Satumban 2025 Hukumar Shige da Fice ta mai da kuɗin fasfo mai shafi 32 zuwa Naira 100,000, mai shafi 64 kuma Naira 200,000, ga masu nema a cikin gida.

Ana iya neman bizar Shengen tun wata shida kafin tafiya, kuma ƙa'ida ita ce kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma doka ta yarda a kai kwana 45. An ƙara kuɗinta daga Yuro 80 zuwa 90 a watan Yunin 2024, kuma sai an haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Birtaniya tana karɓar neman bizar baƙunci daga wata uku kafin tafiya, kuma tun ƙarshen Janairun 2024 ta yarda a biya mai jawabi a taro ladan aikinsa a ƙarƙashin wannan biza, muddin an shirya hakan tun farko, aka kuma yi aikin cikin kwana 30 da shigarsa ƙasar. Amurka kuwa ta rage yawancin bizar baƙunci ta 'yan Nijeriya zuwa ta wata uku mai shiga sau ɗaya a watan Yulin 2025, sannan a watan Disamba na wannan shekara ta sanya Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa bizar ziyara da ta karatu. Don haka wanda aka gayyata can ya bincika halin da ake ciki kafin ya amsa, ya kuma tambayi masu taro ko za su yarda ya yi jawabinsa ta bidiyo idan tafiya ta gagara.

Wani tarko da sababbin matafiya kan faɗa ciki shi ne na yada zango. Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da ake neman bizar wucewa daga 'yan ƙasarsu ko da canjin jirgi kawai za su yi a filin jirgin saman wata ƙasar Shengen, sai dai masu riƙe da wasu bizoji da aka keɓe. Tikiti mai araha da ya bi ta Paris ko Frankfurt yana iya sa a hana mutum hawa jirgi tun daga Legas ko Abuja. Tafiya cikin ƙasashen ECOWAS, kamar Ghana ko Senegal, ba ta buƙatar biza har tsawon kwana 90, bisa yarjejeniyar 1979.

Katin rigakafin cutar shawara shi ma takardar tafiya ce, kuma ƙasashe da yawa suna neman sa daga wanda ya fito daga Nijeriya. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince allura ɗaya ta isa har iya rayuwa.

Lissafin kuɗi

Wanda ya yi kasafin tafiya da Naira kaɗai yana iya tarar da lissafinsa ya rushe kafin ranar tashi. A watan Mayun 2023 ana canjin Dalar Amurka a kan kusan Naira 460 a hukumance. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yuni na wannan shekara, farashin ya haura Naira 1,500 a Fabrairun 2024. Ma'ana, kuɗin rajista da masauki na Dala 1,000 ya tashi daga Naira 460,000 zuwa sama da miliyan ɗaya da rabi cikin wata tara. Abin da ya fi shi ne a rubuta kasafin da kuɗin ƙasar da za a je, a biya abin da za a iya biya da wuri, a kuma bar wani abu a gefe.

Ana neman kuɗin guzurin tafiya ta banki, da takardar da ake kira Fom A, tare da fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa biyan wannan guzuri ta kati da sauran hanyoyin lantarki maimakon tsabar kuɗi. Da yake irin waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, ya dace matafiyi ya tuntuɓi bankinsa makonni kafin tafiya, ya kuma tabbatar katinsa zai yi aiki a waje, domin otal-otal da yawa sukan riƙe wani abu a kati a matsayin jingina ranar shiga. Tsabar kuɗin da ya wuce Dala 10,000 dole ne a bayyana shi ga Hukumar Kwastan. Malaman manyan makarantun gwamnati suna da ɓangaren tallafin halartar taro a asusun TETFund, wanda ake nema ta hannun makarantarsu, kuma shi ma yana son lokaci.

Abin da za a faɗa

Masu shirya taro sukan gayyaci ɗan Nijeriya ne saboda abin da ya sani wanda ba a samu a rahotannin Bankin Duniya. Mai fitar da riɗi ko zoɓo ya san farashi a kasuwar Dawanau ta Kano, ya san kwanakin da mota take yi kafin ta shiga tashar Apapa, ya kuma san inda kuɗi ke zurarewa a tsakani. Ma'aikacin ƙaramin banki ya san dalilin da ya sa mai shago a Onitsha ko Ibadan yake biyan bashi ko yake kasawa. Wanda ya kashe rabin lokacinsa yana bayanin yawan jama'ar Nijeriya da faɗin ƙasarta ya bai wa masu sauraro abin da suka riga suka sani. Magana ɗaya tak ya kamata a riƙe, a faɗe ta a minti na farko, a kawo mata hujja biyu ko uku, a rufe da abin da ake son masu sauraro su yi.

Alƙaluman Nijeriya suna buƙatar taka-tsantsan na musamman, domin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auninta fiye da sau ɗaya. A 2014 sabunta lissafin tattalin arziki ya ɗaga jimillar abin da ƙasa ke samarwa daga kusan Dala biliyan 270 zuwa kusan biliyan 510. Rashin aikin yi da aka ce kashi 33.3 cikin ɗari ne a ƙarshen 2020 ya koma kashi 4.1 a farkon 2023, saboda an canja ma'anar mai aiki zuwa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na aƙalla awa ɗaya a mako. Hauhawar farashi ta sauka daga kashi 34.80 a Disamban 2024 zuwa kashi 24.48 a Janairun 2025 bayan an sabunta ma'auninta. Wanda ya jera waɗannan lambobi a zane ɗaya ba tare da bayani ba, za a sami masanin da zai tsayar da shi a gaban jama'a. Kowace lamba a faɗi shekararta da inda ta fito. Farashin Naira a haɗa shi da na Dala da ranar canjin, mudu da tiya da buhu kuma a mai da su kilo da tan.

Tambayoyi masu zafi ma ana shirya musu. Mai magana kan fitar da amfanin gona a Turai ya sa ran za a tuna masa cewa Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari. Za a kuma yi tambaya kan wutar lantarki da tsaro da fitar da riba zuwa waje. Amsa ta gaskiya, gajera, mai nuna abin da ake yi a kai, ta fi musu ko doguwar kāriya.

Lokaci da harshe

Mai magana a tsanake yana furta kalma 120 zuwa 130 a minti, wato jawabin minti 15 bai kamata ya wuce kalma 1,800 ba. Shugaban zama yakan nuna kati idan lokaci ya kusa ƙarewa, kuma a wasu wurare katse mutum ake yi, ko da bai kai ga babbar maganarsa ba. Gaisuwar manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka saba da ita a tarurrukan gida, tana iya cin minti uku. Gaisuwa ga shugaban zama da masu sauraro a jimla ɗaya ta wadatar.

A tarurrukan Afirka da ake amfani da Turanci da Faransanci, wani ɓangare na zauren ta bakin tafinta yake jin jawabin. Tafinta yana buƙatar rubutaccen jawabin tun kafin zama, da jimloli gajeru, da ɗan tsaiko bayan kowace lamba. Gajerun sunayen hukumomin Nijeriya da karin maganar gida sukan ɓace a hanya idan ba a fassara su ba. Shafukan da za a haska a majigi kada su wuce goma zuwa goma sha biyu, a aika su kafin ranar da aka sa, a kuma riƙe kwafi a waya da a takarda. Gwaji sau uku ko huɗu da agogo a gaban abokan aiki shi ne ke nuna abin da za a yanke.

Isowa da komawa

Isa kwana ɗaya kafin taro yana kare mutum daga jinkirin jirgi, ya kuma ba shi damar ganin zauren. Nairobi tana gaban Nijeriya da awa biyu, Dubai da awa uku, Washington kuma tana baya da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara. Soket ɗin lantarki na Birtaniya irin na Nijeriya ne, amma na Faransa da Jamus da Amurka daban suke. Kayan da za a sa ranar jawabi, da magani, da takardu, su kasance a jakar hannu.

Bayan an sauko daga dandamali ne ake fara cinikin gaske, a lokacin shan shayi da cin abinci. Katin adireshi mai lambar waya da ta fara da +234, da takarda guda mai taƙaita jawabin, suna sauƙaƙa wannan. Wasiƙar da aka aika cikin mako guda ga waɗanda aka yi magana da su ta fi samun amsa. A adana rasit da katin shiga jirgi domin karɓar kuɗin da za a mayar, a kuma dawo cikin wa'adin biza, domin da wannan tarihin ne ofishin jakadanci zai auna neman biza na gaba.