Wa Zai Ɗauki Nauyin Kuɗin Tsaro A Jihar Katsina?

Ƙofar Marusa na ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Katsina, kamar su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga. A zamanin da, ganuwar da ta haɗa waɗannan ƙofofi ita ce tsaron gari, kuma jama'a ne suke fitowa aikin gayya su gyara inda damina ta zaizaye, sa'an nan akwai sarkin ƙofa wanda ke rufe ta da dare ya buɗe da safe. Watau ke nan duk wanda ya kwana lafiya a cikin birni ya biya kuɗin barcinsa da guminsa. A yau gari ya tsallake ganuwa, gidaje da kantuna sun cika bayan ƙofar, amma tambayar da ganuwar ta amsa tana nan: wane ne zai biya kuɗin tsaron jama'a, kuma ta wace hanya?

Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. Shekara da shekaru ƴan bindiga da ke fakewa a dajin Rugu suna addabar ƙananan hukumomin Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume, har ta kai a watan Disamba na 2020 suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar da matasa sama da 1,400, bayan ya kafa ma'aikata ta musamman domin tsaron cikin gida. Runduna irin wannan kuwa tana bukatar albashi kowane wata, da motoci da babura da mai, da kula da iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Mafi yawan kuɗin da jihar ke kashewa daga asusun Tarayya suke fitowa, su kuwa suna hawa da sauka ne gwargwadon cinikin man fetur. Wannan shi ya sa ya kamata a duba wata hanya da ba ta yankewa, alal misali haraji a kan gidaje da filaye a duk faɗin jihar, wanda za a keɓe domin tsaro kaɗai.

Idan mai karatu ya waiwayi tarihi zai ga cewa Katsinawa sun daɗe da sanin biyan kuɗin tsaro. Katsina na cikin masarautun farko da aka kafa wa Baitulmali a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Haraji da jangali da dagatai da hakimai suke tarawa, su ne suke shiga Baitulmali, daga nan En'e take biyan dogarai da ƴan doka da alƙalai da ma'aikatan gidan yari. Aikin ƴan doka yana da daraja ƙwarai, domin kuwa Usman Nagogo kansa ya riƙe muƙamin Wakilin Doka kafin ya zama Magajin Gari, daga bisani ya gaji mahaifinsa a 1944. Bayan juyin mulkin 1966 sai gwamnatin soja ta narkar da ƴan doka cikin rundunar ƴan sandan Nijeriya, tun daga lokacin kuma igiyar da ta ɗaure harajin talaka da mai gadinsa ta tsinke.

Shi kansa harajin bai bar kyakkyawan suna ba. Kawuna ake ƙirgawa, har talaka yakan sayar da akuyarsa ko hatsin da zai ci domin ya tsira daga shanya a rana a ƙofar gidan dagaci, wasu kuma sukan gudu su bar gari. Saboda haka da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina na cikinta, kamar yadda Gwamna Abubakar Rimi ya yi a Kano, talakawa suka yi murna matuƙa. Ko a 2021 da gwamnatin Aminu Bello Masari ta bayyana shirin karɓar kuɗin raya ƙasa daga kowane baligi tare da maido da jangali, mutane da yawa sun yi ƙorafin cewa ba a tatsar mutumin da aka kora daga gonarsa.

To, harajin gidaje ya sha bamban da wancan, domin shi dukiya yake dubawa. Yadda ake yinsa shi ne, ma'aikata su auna fili da ginin da ke kansa, su ƙiyasta darajarsu, sai a ɗora wa mai shi wani ɗan ƙaramin kaso na wannan daraja ya riƙa biya kowace shekara. Mai gidan sama ko gidan mai ko jerin kantuna a bakin titi zai biya da yawa, mai ɗaki biyu na ƙasa a lungu zai biya kaɗan ko ma a yafe masa. Bugu da ƙari gida ba ya ƙaura kamar shanu, ba ya ɓuya kamar ribar ɗan kasuwa. A Amurka da irin wannan haraji ne akasarin garuruwa suke biyan ƴan sandansu da ƴan kwana-kwana. A Ingila kuma takardar harajin gida da aka fara a 1993 takan nuna wa mutum ƙarara nawa ne rabon ƴan sandan yankinsa a cikin abin da ya biya.

A nan gida ma akwai darasi daga Jihar Legas, wadda ta haɗa kuɗin ƙasa da kuɗin gidaje wuri guda a 2001, ta kuma kafa asusun tsaro a 2007 wanda kamfanoni da masu hali suke ba gudummawa. Amma da gwamnatin jihar ta ƙara kuɗin da yawa a 2018, sai ƴan kasuwa da lauyoyi suka tayar da ƙayar baya, ala tilas aka rage, aka kuma sake dokar a 2020. Haraji idan ya fi ƙarfin mai biya, ko dokar ta yi kyau a takarda ba za a tara shi ba.

Kafin irin wannan tsari ya yiwu a Katsina akwai matsaloli uku. Ta farko ita ce ta doka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka jiha tana da ikon karɓar kuɗin ƙasa daga masu takardar mallaka. Amma tsarin mulki na 1999 ya sanya ƙiyasta gidaje domin haraji cikin ayyukan ƙananan hukumomi, ke nan sai an zauna da ƙananan hukumomin jihar 34, Majalisar Dokoki kuma ta fayyace rabon kowa.

Ta biyu ita ce rajista, kuma Ƙofar Marusa kanta ta isa misali. A bayan ganuwa akwai rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi da filayen da aka yanka bisa tsari, masu lamba da takardu, waɗanda ƙiyasta su ba wuya. A cikin birni kuwa gidajen gado ne, gida ɗaya magada goma, ba takarda sai shaidar mai unguwa da maƙwabta. Akwai kuma gwauruwa da marayu da tsofaffin ma'aikata waɗanda filinsu ya yi daraja saboda gari ya bunƙasa, alhali ba su da abin sawa a baka. Ba wanda ya san waɗannan gidaje kamar masu unguwanni, don haka ba rajistar da za ta yi adalci ba tare da su ba, sai dai kuɗin ya tafi banki kai tsaye kada a koma gidan jiya.

Ta uku, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce amana. Manyan gine-gine suna Katsina da Funtuwa da Daura da Malumfashi, bala'in kuwa ya fi tsanani a ƙauyukan bakin daji. Mai kanti a Ƙofar Marusa yana iya tambayar dalilin da zai sa ya biya kuɗin sintiri a Batsari. Amsar tana cikin kasuwa, inda hatsi ke tsada duk shekarar da manoma suka kasa shiga gonakinsu, tana kuma cikin ƴan gudun hijira da suka cika gidajen ƴan uwansu a birni. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma ko ya gamsu da wannan, ba zai saki kuɗinsa da daɗin rai ba sai doka ta keɓe asusun, an sa wakilan ƴan kasuwa da malamai da sarakuna cikin masu lura da shi, ana kuma buga lissafin shiga da fita kowace shekara kowa ya gani.

A gaskiya jama'a suna biyan kuɗin tsaro tun yanzu. A unguwannin birni magidanta suna haɗa kuɗin ƴan sintiri kowane wata, a wasu ƙauyuka kuwa ƴan bindiga ne suke aza wa manoma haraji kafin su bari a yi shuka ko girbi, wasu iyalai kuma sun sayar da gida da gona domin fansar ɗan uwa. Duk wannan kuɗi yana fita ba rasit, kuma mafi talauci shi ya fi biya. Aikin da ke gaban Majalisar Dokokin Jiha da ƙananan hukumomi shi ne su duba yadda za a raba wannan nauyi gwargwadon ƙarfin kowa, su kuma fara da tabbatar wa mai biya inda kowace Naira tasa za ta shiga.