Dila Mai Ruwan Zinariya da Dilan Ƙasar Hausa

Dabbar da masana suke kira dila mai ruwan zinariya, wadda Linnaeus ya raɗa wa suna Canis aureus a 1758, ɗan'uwan kare ce. Girmansa bai kai na kyarkecin Turai ba, galibi nauyinsa tsakanin kilo 6 ne da 14. Gashinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan ja, gadon bayansa da ratsin baƙi da fari, bakin wutsiyarsa kuwa baƙi-baƙi. Da sanyi gashin yakan yi kauri ya ƙara duhu, da zafi ya koɗe.

Mazauninsa ya tashi daga kudu maso gabashin Turai, ya bi ta ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya, har Tailan. Tun ƙarshen ƙarni na 20 ya yi ta kutsawa arewa: an gan shi a Istoniya a 2013, a Danmak a 2015. Masana suna danganta wannan da raguwar kyarkeci, wanda a da yake korarsa, da kuma sassaucin sanyi.

Namiji da mace sukan zauna tare muddin rai. A Turai suna barbara wajen Fabrairu da Maris, macen ta ɗauki ciki kamar kwana 63, ta haihu cikin rami, yawanci 'ya'ya 3 zuwa 8. Ana haifarsu ido rufe, sai bayan kwana goma ko kusa da haka su buɗe. Uwa da uba duka suna ciyar da su, har su amayo musu naman da suka ci. Wani lokaci ɗan bara yakan tsaya ya taya renon ƙannensa.

To, a nan ne malaman Hausa ya kamata su lura. An daɗe ana cewa dilan tatsuniya, watau malamin daji, shi ne wannan dabba. Amma binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2015 ya nuna na Afirka jinsi ne dabam, ya fi kusa da kyarkecin Turai, yanzu kuwa Canis lupaster ake kiransa. Kalmar dila ba ta ɓaci ba, gama Bahaushe bai taɓa nufin dabbar Indiya da ita ba. Abin da ke bukatar gyara shi ne sunan Latin da littattafan makaranta suke liƙa mata, don kada ɗalibi ya ɗauka dilan jejin Katsina da na Bulgeriya abu guda ne.