Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi: Yadda Ake Haɗa Na'urar Riƙe Caji Da Motar Tsere

Ƙananan motocin nan na ƙawa masu kujera biyu da gudun tsiya, irin su Ferrari ta Italiya da Porsche ta Jamus da Corvette ta Amurka, sun fi daɗewa a gareji bisa ga kan titi. A ƙasashen Turai akan kulle su tun farkon hunturu, ba za a fito da su ba sai dusar ƙanƙara ta narke. A nan ƙasar kuwa mai irin wannan mota yakan yi tafiyar wata guda ko biyu ya bar ta a lulluɓe. Ranar da ya dawo ya murɗa makulli, sai ya ji shiru. Batir ya mutu.

Dalili shi ne motar zamani ba ta barci. Ko an kashe injin, ƙararrawar ɓarayi da agogo da kwamfutocin da ke cikinta suna ta tsotsar wuta kaɗan kaɗan. A ɗauki misalin batir mai cin awo 70, watau abin da ma'aikatan lantarki ke kira amfiya-awa. Idan motar tana shan miliamfiya 50 dare da rana, a kwana ɗaya ta sha awo 1.2, a kwana 30 kuwa ta sha 36. Ke nan fiye da rabin cajin ya tafi, alhali ko ƙofar gida motar ba ta leƙa ba. Zafi irin na ƙasashenmu kuma yana ƙara wa batir saurin zubar da caji don kansa.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Batirin dalma, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago a cikin 1859, ɗakuna shida gare shi, kuma in ya cika yakan nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. Da zarar ya sauka ƙasa da 12.4 ya daɗe a haka, sai wani farin gishiri ya daskare a jikin farantan dalmar, ya rage wa batirin ƙarfi har abada. Tayar da injin na minti biyar kowane mako ba ya maganin wannan.

Maganin shi ne na'urar riƙe caji. Ta sha bamban da tsohuwar cajar masu gyaran batir, wadda ke ɗura wuta ba ƙaƙƙautawa har ruwan batir ya tafasa. Ita wannan takan cika batir har wajen bolt 14.4, sa'an nan ta sauko kusa da 13.6 ta tsaya gadi, tana mayar da abin da ya zuba kawai. Saboda haka ana iya barinta a jone wata da watanni.

Aikin farko shi ne gano inda batirin yake, domin masu ƙera waɗannan motoci sukan kai shi inda zai daidaita nauyi. Porsche 911 injinta a baya yake, batirin kuwa a gaba, cikin wurin zuba kaya. Corvette ta 2014 injinta a gaba, batirin a baya. Wasu motocin Ferrari suna da wata kafa ta musamman mai maganaɗisu kusa da lambar baya, inda ake manna wayar ba tare da an buɗe kome ba. Littafin motar shi zai nuna wurin.

Sai kuma tsarin haɗawa, wanda ba ya son gaggawa. A kashe mota, a zare makulli, a tabbata ba a jona na'urar da wutar gida ba tukuna. A fara maƙala jar waya a kan batir mai alamar tarawa. Baƙar waya kuma a maƙala ta a wani ƙarfe marar fenti na jikin motar, nesa da batirin. Bayan haka ne za a jona da wutar gida. Wajen cirewa sai a juya: wutar gida, baƙar waya, sa'an nan ja.

Hikimar wannan tsari iri biyu ce. Ta farko, batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, haidurojin, sa'ad da yake shan caji, kuma waya ta ƙarshe ita ke yin tartsatsi. In tartsatsin ya tashi a bakin batir, yana iya fashewa ya watsa wa mutum ruwan batir a ido. Ta biyu, motoci da yawa na yanzu suna da ɗan ma'auni a kan batir mai alamar ɗebewa, wanda ke ƙidaya wutar da ta shiga da wadda ta fita. Wanda ya maƙala baƙar waya kai tsaye a kan batir ya kewaye ma'aunin, sai lissafin kwamfutar motar ya rikice.

Wanda zai riƙa yin wannan kullum, gara makanike ya ɗaura masa 'yar gajeruwar waya mai fis ta dindindin, yadda zai jona kawai ya tafi. Akwai masu bi ta soket ɗin kunna taba, amma motoci da dama sukan yanke wutar soket ɗin bayan an kashe su, cajin ya tsaya mai mota bai sani ba.

Har ila yau wajibi ne a san irin batirin. Wasu sababbin motocin tsere batirin litiyam gare su domin rage nauyi, kuma cajar dalma mai tsarin fasa gishirin nan tana iya lalata shi. Kowane da tasa na'urar. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa kuma, a nemi wadda ke ci gaba da aiki don kanta in wuta ta dawo, a kuma sa mata abin kariya daga wuta mai ƙarfi.

Sakaci yana da tsada. A 911 ta zamani murfin gaba da lantarki yake buɗewa, batirin kuma yana ƙarƙashinsa. In ya mutu murus, sai an kawo wani batir an ba da wuta ta akwatin fis da ke wajen ƙafar direba kafin murfin ya buɗe. Masu hankali kuma sukan rataya takarda a sitiyari, don kada a manta a ja mota da waya a jone.