Ɗaliba Mai Juna Biyu da Asibitin Makaranta

Yawancin ɗaliban jami'a sau ɗaya suke zuwa asibitin makaranta da ƙafarsu, wato lokacin rajistar shekarar farko da ake cewa sai an kawo takardar gwajin lafiya. Daga nan sai a jefa katin a ƙasan akwati, ba a sake tunawa da shi sai zazzaɓi ya kayar da mutum ana gobe jarrabawa. Ga wanda yake da ƙoshin lafiya, wannan sakacin bai cika jawo matsala ba. Amma ke 'yar'uwa da kika yi aure kina aji biyu ko aji uku, ga shi yanzu kin samu juna biyu, lissafinki ya canza. Wannan ɗan asibitin da kike wucewa kullum a hanyarki ta zuwa lakca shi ne mafi kusa da ke a cikin watanni tara masu zuwa, don haka ya kamata ki san abin da zai iya yi miki da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Da farko dai, asibitin makaranta daban, asibitin koyarwa daban, ko da kuwa sunan jami'a ɗaya ne a kansu. A Zariya, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna da nasu asibitin a cikin makaranta a Samaru, shi kuwa asibitin koyarwa yana can Shika. A Kano, sabuwar Jami'ar Bayero tana kan hanyar Gwarzo, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma yana kan titin Zariya, tsakaninsu tafiya ce mai ɗan nisa, balle in an samu cunkoso. Kowanne da katinsa, kowanne da fayil ɗinsa. Abin da aka rubuta a kanki a can ba zai zo nan da kansa ba, sai in ke kika kawo shi.

Ki faɗa tun kafin a tambaye ki

Ranar da kika je asibitin makaranta saboda kowace irin larura, ko mura ce, ko ciwon haƙori, ko ƙurji, maganar farko da za ta fito daga bakinki ita ce kina da ciki, ko kuma kina tsammanin kina da shi. Na san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, musamman na fari, na kuma san kunyar faɗa wa likita namiji a ɗakin da wataƙila 'yar ajinku na zaune a bakin ƙofa. To amma likitan da yake ganin ɗalibai masu yawa a rana, akasarinsu samari da 'yan mata, ba lallai tunanin ciki ya zo masa ba, kuma hijabi yana rufe ciki har na wata biyar ko shida.

Dalilin kuwa shi ne, wasu magungunan da ake yawan rubuta wa ɗalibai ba su dace da mai ciki ba. Dangin tetracycline da doxycycline, waɗanda ake bayarwa saboda ƙurajen fuska da wasu cututtuka, suna iya ɓata haƙoran jariri. Ibuprofen da diclofenac, da muke sha kamar gyaɗa in jiki ya yi tsami, ana guje musu musamman daga mako na 20, domin suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake kwance a ciki. Farasitamol shi ne aka fi amincewa da shi, shi ma a kan ƙa'ida. Idan kuma sabuwar ɗaliba ce ke, aka ce ki je a ɗauki hoton ƙirji cikin gwajin rajista, ki gaya wa mai ɗaukar hoton kafin ki shiga ɗakin, shi zai san yadda zai yi.

Ki riƙe ranar da jinin al'adarki na ƙarshe ya fara, ki rubuta ta a wani wuri. Da ita muke lissafin komai. Ki ƙara kwana 7 a kan ranar, sannan ki ƙara wata 9: wadda al'adarta ta ƙarshe ta fara ranar 10 ga Janairu, ana sa ran haihuwarta wajejen 17 ga Oktoba. Hasashe ne kawai, mata kaɗan ne suke haihuwa a ainihin ranar, amma ya ishe ki ki ɗauko kalandar makaranta ki ga ko haihuwar za ta faɗo a tsakiyar jarrabawa.

A ina za ki yi awo?

A shekarun baya ana cewa zuwa awo sau huɗu ya wadatar. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi sau 8: na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ɗalibai sukan makara wajen zuwan farko. Kullum ana jiran a gama gwajin aji, a gama jarrabawa, a samu hutu, har ciki ya kai wata shida ba a taɓa auna jini ba. A zuwan farkon nan ne ake duba yawan jini, da rukuninsa, da ko akwai sikila, da ciwon hanta, da tunjere, da cuta mai karya garkuwar jiki, a duba fitsari, a auna hawan jini. Duk abin da aka gano da wuri akwai matakin da za a ɗauka don kare ke da jaririn. Sikanin da aka yi a farkon ciki kuma ya fi na ƙarshe faɗar gaskiyar watanninsa.

Wasu asibitocin jami'a suna da sashen awo har da ɗakin haihuwa, wasu kuma iyakarsu duba marasa lafiya da ba da magani. Ki je ki tambayi babbar ungozomar wurin kai tsaye: akwai likita da daddare? Akwai motar ɗaukar marasa lafiya, kuma da direba da mai a kowane lokaci? Ana ƙarin jini? Ana tiyata? In haihuwa ta gagara, ina ake tura mace? Babu ma'aikaciyar kirki da za ta ji haushin waɗannan tambayoyi.

Idan cikinki lafiya lau ne kuma akwai ungozoma a wurin, babu laifi ki yi awo a makaranta, hasali ma ya fi miki sauƙi a kan ki rasa lakcar yini guda kina bin layi a babban asibiti. Amma akwai matan da shawarata gare su ita ce su yanki kati a asibitin koyarwa tun daga farko: wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, mai sikila, mai hawan jini ko ciwon suga, mai ɗauke da tagwaye, wadda ta yi ɓari a jere ko ta taɓa haifar jariri ba rai, da wadda ta taɓa yin jijjiga. Haka ma wadda aka ce rukunin jininta "negetif" ne, domin in jaririn ya zo da "fozitif" akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin da zai biyo baya, kuma ba ko'ina ake samunta ba.

Ko da a nan kike awo, asibitin makaranta yana da amfani a tsakanin zuwa da zuwa. Auna hawan jini minti biyar ne. Ki leƙa tsakanin lakca a auna miki, ki sa a rubuta adadin da kwanan wata a takarda. In ya kai 140 bisa 90, kada ki jira ranar awo, ki zo mana da takardar a ranar.

Zazzaɓi da ƙwayoyin ƙarin jini

Ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen haya na kewayen makaranta ba sa rabo da sauro, ciki kuma yana rage wa mace ƙarfin jure zazzaɓin cizon sauro, musamman cikin fari. Ƙwayar cutar tana taruwa a mabiyiya, ta jawo ƙarancin jini ga uwa, jariri kuma ya zo ɗan ƙarami ko ya zo bakwaini, wani lokacin ma uwar ba ta ji zazzaɓin kirki ba. Shi ya sa daga mako na 13 ake ba da ƙwayoyi uku na rigakafi, waɗanda aka fi sani da Fansidar, a sha a gaban ma'aikaciya, a maimaita bayan kowane wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ba a shan su a watanni ukun farko. Ki ɗaura gidan sauro ko da gadonki mai hawa biyu ne, ko da 'yan ɗaki za su yi miki dariya.

In zazzaɓi ya zo, ki je asibitin makaranta a yi gwajin jini kafin a ba ki magani. Wannan aikin sun iya shi sarai, ba sai kin zo nan ba. Abin da ba na so shi ne aiken ƙawa kemis ta haɗo "na maleriya da taifod".

Ƙwayar ƙarin jini kuwa kullum ake sha. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Kada dai ki kora ta da shayi, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin. Ki ba da tazara, ko ki sha ta da lemo. Na san abincin ɗaliba: Indomie da safe, garin kwaki da rana. Ki yi ƙoƙarin saka wake, ƙwai, zogale, alayyahu, ƙuli-ƙuli, da hanta ko kifi in hali ya yi.

Lokacin da ba a bin layi

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa a Nijeriya suke. Zubar jini da hawan jinin ciki suna kan gaba cikin dalilan, kuma jinkiri ne yake ba su dama.

Ga ɗaliba, tarkon shi ne alamun haɗari sun yi kama da gajiyar karatu. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, kumburin fuska da hannu har zobe ya matse, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama ko a bakin ciki: mai karatun dare za ta ce rashin barci ne ko olsa. Daga wata na biyar zuwa sama waɗannan na iya zama gargaɗin jijjiga, kuma tana iya zuwa cikin 'yan awoyi. A farkon ciki kuma, in al'ada ta ɗauke wata ɗaya ko biyu sai ga ciwon mara a gefe ɗaya, da ɗigon jini, da jiri ko suma, ana tsoron ciki ne a wajen mahaifa. In ya fashe, jinin a cikin ciki yake zuba, ba a ganinsa a waje, kuma tiyata yake buƙata nan take. Ki haɗa da zubar jini kowane iri, fashewar faya kafin lokaci, da raguwar motsin jariri.

In ɗaya daga cikinsu ya faru kina cikin makaranta, ki shiga asibitin makaranta ki wuce layi kai tsaye, ki ce wa ma'aikaciya kina da ciki ga abin da kike ji. Za su iya auna jini, su sa ruwa, su ba da taimakon farko, su sa ki a mota da takarda. In kuwa gidanku ya fi kusa da babban asibiti, kada ki koma makaranta neman takarda, ki taho. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Wannan dokar kuma ta wajabta riƙe sirrin mara lafiya. Na faɗi haka ne saboda ɗalibar da ta samu ciki a yanayin da take tsoron a sani. Irinta ce take ɓoyewa, ta sha abin da aka haɗa mata a lungu, sai a kawo ta jini ya riga ya ƙare. Aikinmu jinya ne. In kina tsoron idon sani a asibitin makaranta, ki zo nan ko ki je wani asibitin gwamnati, amma ki ga ma'aikacin lafiya.

Takardu, kuɗi da yajin aiki

A cikin kuɗin rajistar jami'o'i da dama akwai na inshorar lafiyar ɗalibai, shirin da ake kira TISHIP, ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda a da ake kira NHIS, dokar shekarar 2022 ta mayar da ita NHIA. Tun ciki yana ƙarami ki je teburin inshora a asibitin makaranta, ki tabbatar sunanki yana cikin rajistar wannan zangon, ki kuma tambaya dalla-dalla me suke biya me ba sa biya game da awo, sikanin, haihuwa da tiyata. Kada ki ɗauka komai kyauta ne. In maigida ma'aikaci ne mai inshora, a duba ko sunanki yana cikin tasa. In za a turo ki nan don ganin ƙwararren likita, ki karɓi takardar turawa mai ɗauke da abin da aka gani da maganin da aka ba ki.

Ki tuna a shekarar 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wadda ta fara awo a makaranta a farkonsa, a garinsu ta haihu. Ko babu yaji, akwai dogon hutu. Saboda haka ki riƙe kwafin duk sakamakon gwaji da na sikanin a jaka ɗaya, ki kuma ɗauki hotonsu a waya, har da shaidar allurar rigakafin sarƙewar haƙora da ranakun da kika sha Fansidar.

Maigida, naka aikin ga shi, musamman in kana wani gari iyali na makaranta. Ka ba ta izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarka ko tata, cewa duk lokacin da ta ga alamar haɗari ta tafi asibiti ba sai an same ka a waya ba. Ka ajiye mata kuɗin mota da na gaggawa a hannunta. Ka nemi mutum biyu da za su iya ba da jini. A samu lambar wani mai mota ko mai adaidaita-sahu da zai fito ko da ƙarfe biyun dare, a kuma ba abokiyar ɗakinta lambarka.

Batun jarrabawa kuma, a yawancin jami'o'i takardar asibitin waje ba ta wadatarwa sai shugaban sashen lafiya na makaranta ya sa mata hannu. Idan lissafin haihuwa ya faɗo kusa da jarrabawa, ki sanar da asibitin makaranta da malamin da ke kula da ajinku a rubuce tun kina wata bakwai, ki riƙe kwafi. In an kwantar da ke a nan, kafin a sallame ki ki nemi rahoton likita, a kai shi makaranta a cikin makon, kada a bari sai sakamako ya fito an rubuta ba ki zauna ba.