Leda, Takarda ko Yadi? Hanyoyin Yanke Shawara kan Ƙera Kaya da Kawar da Shara



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan hanyoyin da masana suka tsara domin taimaka wa mahukunta da masu masana'antu wajen yanke shawara game da irin kayan da ya kamata a ƙera, da kuma yadda za a yi da su bayan sun gama aiki sun zama shara. Batun yana da faɗi ƙwarai, saboda haka zan ɗauki abu guda wanda kowa ya sani in riƙa misali da shi, watau jakar da ake zuba cefane. Shin leda ce ta fi, ko takarda, ko kuwa jakar yadi?

Kafin mu shiga ciki, ya kamata mu san girman matsalar. A shekarar 2017 wani masani a Amurka mai suna Roland Geyer, tare da abokan aikinsa biyu, sun ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 an ƙera roba tan miliyan 8,300 a duniya, kuma tan miliyan 6,300 daga ciki ya riga ya zama shara. A cikin wannan shara, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 kuwa yana jibge a bola ko ya watsu a doron ƙasa da cikin ruwa.

Hanyoyi uku zan kawo. Abin da nake so a riƙe tun daga farko shi ne, kowace daga cikinsu tamkar sikeli take: tana auna abin da aka ɗora mata ne, amma mutum ne ke zaɓen abin da za a ɗora.

Hanya ta farko: tsanin shara

A shekarar 1979 wani ɗan majalisar dokokin ƙasar Holan, Ad Lansink, ya gabatar da ƙuduri wanda ya jera hanyoyin kawar da shara bisa fifiko, kamar matakan tsani. Majalisar ta amince, kuma a 2008 Tarayyar Turai ta sa irin wannan jeri cikin dokarta ta shara, da matakai biyar. Na sama shi ne a hana sharar samuwa tun farko, domin rigakafi ya fi magani. Na biyu, a gyara abu a sake amfani da shi yadda yake. Na uku, a narkar da shi ko a niƙe a ƙera sabo. Na huɗu, a ci wata moriya tasa, alal misali a ƙone shi a sami wutar lantarki. Na ƙarshe, wanda ba a so sai dole, a binne shi ko a ƙone haka kawai.

Dalilin wannan jeri a fili yake. Kowane kaya yana ɗauke da aiki da makamashin da aka kashe wajen yin sa, kuma iyakar saukar da aka yi a kan tsanin iyakar asarar da ake yi daga wannan jari. Kwalbar lemo da aka mayar wa kamfani wanki kaɗai take bukata a sake cika ta. In kuwa ta fashe, sai an narkar da ita da zafin da ya kai wajen digiri 1,500. Amma ko narkarwar ta fi jefarwa: sake narka gwangwanin alminiyam yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake bukata in za a samo alminiyam daga ma'adini.

Amfanin tsanin shi ne sauƙi, domin ko ba lissafi ma'aikaci zai iya aiki da shi. Rauninsa kuwa, ba ya faɗin yawa. Ya ce jakar da ake maimaitawa ta fi wadda ake yarwa, amma bai ce sau nawa za a maimaita ta kafin ta biya abin da aka kashe wajen yin ta ba. Wannan giɓi ne hanya ta biyu ta zo cikewa.

Hanya ta biyu: lissafin rayuwar kaya

Ma'anar wannan hanya ita ce a bi kaya tun daga tushensa har zuwa juji, a ƙidaya duk abin da ya ci da duk abin da ya fitar: ɗanyen kaya, da ruwa, da makamashi, da hayaƙi, da ƙazanta. Ana danganta mafarinta da binciken da kamfanin Coca-Cola ya sa aka yi masa a Amurka a 1969, domin kwatanta mazuban lemo iri iri. Daga baya hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta tsara mata ƙa'ida mai lamba ISO 14040 a 1997, aka sabunta ta a 2006. Ƙa'idar ta raba aikin gida huɗu: a fayyace manufa da iyakar binciken, a tattara alƙaluma, a auna illa, sa'an nan a fassara sakamako.

Wani sharaɗi mai muhimmanci shi ne, aiki ake kwatantawa da aiki. Ba a cewa leda ɗaya da jakar yadi ɗaya. Sai dai a ce, jaka nawa ta kowane iri ake bukata domin kai cefanen wata guda gida. Da irin wannan awo Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta fitar da rahoto a 2011. Ta gano cewa, ta fuskar hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai an yi amfani da jakar takarda sau 3, jakar auduga kuwa sau 131, kafin su yi daidai da siririyar leda wadda aka yi amfani da ita sau ɗaya tak. In kuma kowace leda an sake zuba shara a cikinta, adadin na auduga yana hawa zuwa 327. A 2018 hukumar muhalli ta ƙasar Danmak ta yi nata binciken, ta sami sau 52 ga jakar auduga ta fuskar ɗumamar yanayi, amma da aka haɗa dukan illolin da aka auna, adadin ya kai 7,100.

Mai sauraro zai yi mamaki, amma ruwa ba ya tsami banza. Ledar da aka auna a Ingila nauyinta kimanin giram 8 ne, jakar auduga kuwa ta haura giram 180. Bugu da ƙari, kafin auduga ta zama jaka sai an nome ta, an sa mata taki da maganin ƙwari, a wurare da yawa an yi mata ban ruwa, an gurje ta, an kaɗa, an saƙa, an ɗinka, kuma kowane mataki yana da nasa ci.

To, shi ke nan leda ta yi nasara? A nan ne ya wajaba a duba iyakar binciken. Masu binciken Danmak sun gina lissafinsu bisa yadda ake yi a ƙasarsu, inda ake kwashe shara a kai ta manyan tandu a ƙone, a sami lantarki da ɗumin gidaje, kuma sun faɗa a fili cewa ba su sa illar ledar da aka yar a waje cikin lissafi ba. Amma a garuruwa irin su Kano da Damagaram, wannan illar da aka ajiye gefe ita ce kan gaba: leda tana toshe kwata da damina, tana cika gonakin da aka kai wa takin bola, kuma mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin shanu da awaki. Haka ma ƙasar Bangaladash, wadda ta haramta siririyar leda a 2002, babban dalilinta shi ne toshewar magudanan ruwa da ta tsananta ambaliya. Lissafin Danmak daidai ne a Danmak. Wanda ya ɗauko shi ɗungurungum ya ɗora a kan garin da ba a kwashe shara yadda ya kamata, ya auna hatsinsa da mudun wata kasuwa.

Hanya ta uku: awo da ma'aunai da dama

Sau da yawa abubuwan da mai yanke shawara ke dubawa ba su da ma'auni ɗaya. Farashi da naira ake faɗinsa, hayaƙi da kilo, tsabtar gari kuwa ba ta da kilo ba ta da naira. Hanya ta uku tana haɗa su ne ta ba kowane ma'auni nauyi, a ba kowane zaɓi maki, a ninka maki da nauyi, a tara.

Ga misali, kuma alƙaluman na ƙirƙira su ne domin koyarwa kawai. A ce kwamiti zai zaɓi tsakanin leda da takarda bisa ma'aunai uku: araha, ƙarancin hayaƙi, da tsabtar gari. Cikin maki 10, an ba leda 9 da 8 da 2, an ba takarda 5 da 5 da 8. Idan aka raba nauyi 100 kamar haka, araha 40, hayaƙi 40, tsabta 20, leda za ta tashi da 720, takarda da 560. Idan kuwa wani kwamiti wanda unguwarsa ke cika da ruwa kowace damina ya ba araha 25, hayaƙi 15, tsabta 60, sai leda ta faɗo 465, takarda ta hau 680. Makin bai sauya ba, nauyin ne ya sauya, sakamako ya juye.

Saboda haka ƙwararru ba sa tsayawa a kan lissafi ɗaya. Sukan riƙa motsa nauyin kaɗan kaɗan su ga inda amsar za ta juya. A misalinmu, in araha da hayaƙi suka raba ragowar daidai wa daida, leda ce a gaba muddin nauyin tsabta bai wuce 36 ba. Da zarar ya kai 37, takarda ta wuce. Ke nan muhawarar kwamitin ta taƙaita ga tambaya guda: shin tsabtar gari ta cancanci fiye da sulusin nauyin ko kuwa?

Ta yaya ake samun nauyin? Shahararriyar dabara ita ce ta Thomas Saaty, masanin lissafi haifaffen Mosul a Iraƙi wanda ya koyar a Amurka, ya kuma bayyana ta a littafinsa na 1980. Maimakon a ce wa mutum ya raba 100 kai tsaye, sai a riƙa gabatar masa da ma'aunan biyu biyu, ya faɗi wanda ya fi da kuma yawan fifikon, daga 1, watau kunnen doki, zuwa 9, watau fifiko matuƙa. Daga amsoshin ake fitar da nauyi. Dabarar kuma tana kama tufka da warwara: wanda ya ce araha ta fi hayaƙi, hayaƙi ya fi tsabta, sa'an nan ya ce tsabta ta fi araha, lissafin zai nuna maganarsa ba ta daidaita ba. Sai dai ba ta iya gyara zaɓen mutanen da aka tambaya. In babu mai shara, da ɗan bola jari, da makiyayi, da 'yar kasuwa a wurin, nauyin da za a samu na mazauna ofis ne kaɗai.

Inda mai ƙera kaya ya shigo

Makomar kaya a bola tun a teburin mai tsara shi ake yanke ta. Kwalbar roba mai jinsi ɗaya tana da mai saye, shi ya sa 'yan bola jari ke tsince ta. Fakitin madarar gari kuwa, wanda aka manne roba da alminiyam wuri ɗaya, raba su yana da wuya da tsada, don haka ake barinsa a juji. Mai tsara kaya yana iya amfani da hanyoyin nan uku ya tambayi kansa: za a iya rage nauyin abin? Za a iya yin sa da jinsi ɗaya? Za a iya kwance shi a gyara?

Amma kamfani bai cika yin wannan tambaya ba sai kuɗin kwashe sharar ya hau kansa. Wannan ne ya sa Jamus ta kafa doka a 1991 wadda ta ɗora wa masu kaya alhakin karɓar mazubansu, aka kuma riƙa cajin su bisa nauyi da jinsin mazubin, ta yadda mai rage nauyi zai rage biya. A 2003 ta ƙara da kuɗin ajiya a kan gwangwani da kwalaben da ba a sake cikawa, wanda yake santi 25, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nasu suna dawowa. Ƙasar Ailan ta bi ta aljihun mai saye: a 2002 ta sa harajin santi 15 a kan kowace leda, amfani da ita ya ragu da kimanin kashi 90 cikin 100. Ruwanda a 2008 da Kenya a 2017 suka zaɓi haramci. Matsala ɗaya ce, amma kowace ƙasa ta auna ƙarfin hukumominta da halin jama'arta kafin ta zaɓi magani.

Kammalawa

A taƙaice, tsanin shara yana nuna alƙibla, lissafin rayuwar kaya yana ba da alƙaluma, awo da ma'aunai da dama kuma yana haɗa alƙaluman da abin da jama'a suka fi damuwa da shi. Game da tambayarmu ta farko, abin da binciken Ingila da na Danmak suka haɗu a kai shi ne, yawan maimaita jaka yana da tasiri ƙwarai, ko da me aka yi ta. Kwando ko buhun da ke gida, wanda aka riga aka biya kuɗinsa, ya fi sabuwar jaka kowace iri.

Ga ma'aikacin da za a ajiye wa rahoto a tebur, da ɗalibin da gobe zai rubuta shi, ina ba da shawarar tambayoyi huɗu kafin a sa hannu. A wace ƙasa aka tattara alƙaluman, kuma yadda ake kwashe shara a can ya yi kama da namu? Me aka bari a wajen lissafi? Su wa suka ba ma'aunan nauyi? In aka motsa nauyin kaɗan, amsar za ta tsaya ko za ta juya? Rahoton da ya kasa amsa waɗannan, a mayar da shi a kammala, domin in kwata ta toshe ruwa ya shiga gidajen mutane, wanda ya sa hannu za a tambaya.